Sabuwar waya: Yadda ake zaɓen layi da tsarin data da suka dace

Mai shirin sayen sabuwar waya a Kasuwar Farm Centre ta Kano, ko Banex da ke Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, yakan shafe kwanaki yana tambayar ƙarfin batir da kyan kyamara da girman ma'ajiya. Amma idan aka zo kan layin da zai saka mata da tsarin datar da zai riƙa saye, sau da yawa a bakin shago ake yanke shawara, cikin minti biyu. Alhali kuɗin waya sau ɗaya ake biya, kuɗin layi kuwa kowane wata yake dawowa. Wanda ke kashe Naira 5,000 a wata kan data da kati zai kashe Naira 60,000 a shekara, wato Naira 180,000 cikin shekara uku, kuɗin da ya isa sayen wata wayar. Ga ma'aikacin da ke kusa da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan ba lissafin wasa ba ne.

Lissafin ya ƙara nauyi tun watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da saƙonni da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, ƙarin irinsa na farko tun 2013. Sannan lambar waya a yau ta wuce abin gaisawa da dangi. Da ita ake shiga asusun banki, ta kanta alat ɗin albashi ke shigowa, ita ce kuma ke rubuce a allon shago.

Saboda haka tambayar "wane kamfani ne ya fi?" ba ta da amsa guda ga kowa. Amsar tana ga wuraren da mutum ke wuni da kwana, da kuma abin da yake yi da wayarsa a zahiri.

Kamfanoni huɗu da ke kasuwa

An soma harkar wayar salula ta GSM a Najeriya a watan Agustan 2001, bayan gwanjon lasisi da NCC ta gudanar a farkon wannan shekarar, inda kowane lasisi ya tashi a kan Dala miliyan 285. MTN da Econet ne suka buɗe fagen. Econet ta yi ta sauya suna da masu mallaka, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ta zama Airtel a 2010. Globacom, mallakar Mike Adenuga, ta shigo a 2003 da tsarin cajin kira bisa daƙiƙa, abin da ya tilasta wa sauran suka bi sahu. Etisalat ta fara aiki a 2008, ta koma 9mobile a 2017, sannan a 2025 ta sake suna zuwa T2.

A alƙaluman NCC na baya-bayan nan, MTN na riƙe da sama da rabin layukan da ke aiki, Airtel na da kusan kashi ɗaya cikin uku, Glo na biye, T2 kuma ita ce ƙarama. Yawan masu layi na nuna faɗin inda kamfani ya kai, amma ba ya ba da tabbacin sauri a kowace unguwa. Wani lokaci ma yawan jama'a ne ke haddasa cunkoso a kan turken sabis guda.

Akasarin 'yan Najeriya na kan tsarin biya kafin amfani: a sa kati, a sayi data, idan ta ƙare a sake saye. Babu yarjejeniyar shekara biyu irin wadda a da ake ɗaure masu waya da ita a Amurka. Wannan dama ce babba, domin mai saye na iya gwadawa ya bari ba tare da tara ba. Sai dai kaɗan ne ke amfani da damar.

Matakin farko: sabis a inda kake

Tsarin da ya fi kowane araha ba shi da amfani idan sabis ba ya shiga ɗakinka. Don haka kafin a duba farashi, a fara duba wurare uku: gida, wurin aiki ko kasuwa, da garin da aka fi zuwa, ko mahaifa ce ko inda ake saro kaya.

Abubuwa da dama ke sa sabis ya bambanta ko a cikin unguwa ɗaya. Na farko nisan turke. Na biyu irin zangon da kamfani ke watsa sabis a kai: ƙananan zanguna irin 700 da 800 MHz sun fi tafiya nesa da ratsa bango, manya irin 2600 MHz da 3.5 GHz sun fi sauri amma ba sa nisa. Shi ya sa shagon da ke can cikin wani bene a Kantin Kwari, ko ofishin da ke hawan ƙasa a sakatariya, zai iya rasa sabis ɗin da ke cike a bakin titi. Na uku cunkoso. Turken da ke hidimar kasuwa irin Singa ko Dawanau yakan yi nauyi daga hantsi zuwa la'asar, na unguwannin zama kuwa daga bayan Isha'i. Na huɗu wutar lantarki da tsaro: yawancin turaku da dizal suke aiki, kuma aikin hanya ko ɓarna na yawan tsinka wayoyin fayiba da ke haɗa su.

Sandunan sabis da ke saman fuskar waya na nuna ƙarfin siginar ne kawai, ba sa nuna yawan mutanen da ake rabon ta da su. Waya na iya nuna sanda huɗu da alamar 4G, amma tiransifa ta ƙi tafiya. Gani ya kori ji, don haka gwaji ya fi talla. Hanya mafi sauƙi ita ce a ari wayar maƙwabci mai wani layin, ko a roƙe shi ya kunna hotspot, a buɗe manhajar banki, a yi kiran bidiyo na minti biyu, a tura hoto. A yi haka a lokacin da aka fi cunkoso, ba da asuba ba. Mai son ganin alƙalami na iya amfani da manhajar Speedtest ko shafin fast.com, amma ya sani gwajin kansa na cin data.

Akwai kuma shaidun da ba sa kuskure: masu POS na unguwa. Sana'arsu ta dogara ne kacokan kan sabis, kuma sun san layin da ke tsayawa idan an yi ruwan sama ko an ɗauke wuta. Tambayar mutum uku daga cikinsu ta fi kallon taswirar kamfani amfani.

Wayar da kanta

Ba kowace waya ke jituwa da kowane layi ba, musamman wayoyin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Abubuwa huɗu ya kamata a tabbatar kafin a miƙa kuɗi.

Na ɗaya, kada wayar ta kasance a kulle a kan wani kamfanin waje. A saka layukan kamfanoni biyu daban-daban a gaban mai shago, a yi kira, a buɗe intanet. A danna *#06# domin ganin lambar IMEI, a kwatanta ta da wadda ke jikin kwali da rasit.

Na biyu, ramin sim. Wayoyin iPhone da aka yi wa kasuwar Amurka, daga iPhone 14 zuwa sama, ba su da ramin saka sim ko ɗaya, da eSIM kaɗai suke aiki, wato layin da ake saukarwa cikin waya ta hanyar ɗaukar hoton wata alama a ofishin kamfani. MTN da Airtel na bayar da shi, amma sai an je ofishinsu, kuma mayar da shi wata wayar ba shi da sauƙi kamar zare sim a saka. Wanda ke zaune nesa da babban ofishi ya yi la'akari da wannan.

Na uku, zangunan 4G. Kamfanonin Najeriya sun fi amfani da zango na 3 da na 7 da na 20 da na 28. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da Samsung da aka yi wa kasuwar Afirka galibi suna ɗauke da mafi yawansu, amma wadda aka yi wa wata nahiya na iya rasa wani, sai ta riƙa faɗawa 3G a inda wasu ke samun 4G.

Na huɗu, batun 5G. A gwanjon watan Disambar 2021, MTN da Mafab ne suka sami lasisi. MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023. Har yanzu a wasu sassan manyan birane ake samun sa. Idan bambancin kuɗi tsakanin waya mai 5G da marar shi na da yawa, kuma babu 5G a unguwarku, ƙara kuɗin a kan batir da ma'ajiya ya fi riba. Ga aikin banki da WhatsApp da kiran bidiyo, 4G mai kyau ya wadatar.

Masu karɓar waya bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan su karanta sharuɗɗa da kyau, domin yawancin irin waɗannan wayoyi ana iya kulle su daga nesa idan aka saɓa ranar biya. A kuma haɗa jimillar abin da za a biya a kwatanta da farashin kuɗi hannu.

Layin asali daban, layin data daban

Tunda yawancin wayoyin da ke kasuwarmu masu layi biyu ne, dabarar da ta fi dacewa ita ce a raba aiki. Layi ɗaya shi ne na asali: lambar da ke haɗe da BVN da asusun banki da WhatsApp, wadda abokan ciniki da ofis suka sani. Wannan ba a wasa da shi, ba a ba da aronsa, ba a jefar da shi don an ga garaɓasa a wani wuri. Layi na biyu na data ne, kuma a kansa ake ciniki: duk kamfanin da ya fi sauri da rahusa a wannan lokaci shi ake bi.

Yana da kyau layukan biyu su kasance na kamfanoni daban-daban. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki da intanet suka tsaya cik ga mutane da yawa a Najeriya, amma ba duka kamfanoni abin ya shafa daidai ba. Ɗan kasuwar da ke da layi biyu na kamfani ɗaya, a irin wannan rana tamkar mai layi ɗaya ne. Sai dai akwai yanayin da ko layi huɗu ba sa magani, kamar rufe sadarwa da aka yi a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021 saboda tsaro. Mai hulɗa da irin waɗannan yankuna ya kamata ya ajiye muhimman lambobi da bayanan ciniki a takarda.

Tun watan Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, kuma wa'adin ƙarshe ya cika a ranar 14 ga Satumba, 2024. Ba a sayen sabon layi yanzu sai da NIN da ɗaukar hoto ko zanen yatsa. Layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, wanda ake sayarwa a gefen titi, haramtacce ne, kuma haɗari ne ga mai saye: ranar da ya ɓata ba za a iya dawo da shi ba, domin a idon kamfani ba naka ba ne. Haka nan mai shagon da ya bar yaronsa ya yi rajistar layin kasuwanci da sunansa, ya sani ranar da suka rabu lambar ta yaron ce. Iyaye mata da dattawa da 'ya'yansu suka yi musu rajista su ma sukan gamu da wannan matsala a lokacin dawo da layi, abin da aka fi sani da walkam bak.

Layin da aka bari watanni ba kira ba sa kati, kamfani na iya rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Idan har lambar na haɗe da banki, sabon mai ita ne zai riƙa karɓar alat da lambobin sirri na tabbatar da ciniki. Don haka wanda zai bar layi ya fara zuwa banki ya sauya lambar, ya sauya ta a WhatsApp da Facebook da imel. Wanda kuma ke ajiye layi don ko-ta-kwana ya riƙa sa masa ɗan kati yana kira lokaci-lokaci.

A saka wa layin asali lambar sirri ta PIN, ta yadda ɓarawon waya ba zai zare shi ya saka a wata wayar ya shiga asusu ta lambobin banki ba. A adana katin da sim ya zo a jikinsa, domin a nan lambar PUK take. Kuskuren PIN sau uku na kulle layi, kuskuren PUK sau goma kuma na kashe sim ɗin gaba ɗaya.

A san abin da ake ci kafin a saya

Ƙorafin da ya fi yawa bayan sayen sabuwar waya shi ne data na saurin ƙarewa. Dalilin a fili yake. A makon farko waya na sauke sabuntawa da manhajoji da dawo da hotuna da tarihin WhatsApp, abin da kan iya cinye gigabait da dama. Bayan haka, fuska mai haske da sabis mai sauri na sa YouTube da TikTok da Facebook su zaɓi bidiyo mafi nauyi da kansu. Don haka ba a auna buƙata da makon farko, kuma idan da hali a yi saitin farko a kan Wi-Fi ko da datar dare.

Gigabait ɗaya ya kai kimanin megabait dubu. Saƙon rubutu kusan ba ya cin komai. Kiran murya ta WhatsApp ba ya kai megabait ɗaya a minti, kiran bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa. Awa guda ta bidiyo mai matsakaicin haske na iya cin kusan rabin gigabait, mai haske sosai kuma ta wuce gigabait ɗaya. Wato wanda ke kallon bidiyo awa ɗaya kullum zai iya cinye gigabait 15 a wata kafin a yi maganar komai. Bidiyo ne ke cin data, ba banki ko imel ba.

Kowace waya na da ma'aunin data a cikin saitinta, wanda ke nuna abin da kowace manhaja ta ci. A bar shi ya yi wata guda yana ƙirga, sannan a sayi tsarin da ya ɗan ɗara wannan adadi. A kashe sauke hotuna da bidiyo kai-tsaye a zaurukan WhatsApp, a hana bidiyo kunna kansa a Facebook, a umarci Play Store kada ya sabunta manhajoji sai a kan Wi-Fi. Wanda ke kunna wa iyali hotspot ya saka masa lambar sirri, ya kuma sani kwamfuta na iya sauke sabuntawa mai nauyi ba tare da ta tambaya ba.

Yadda ake karanta tsarin data

Farashi na sauyawa, don haka abin riƙewa shi ne hanyar lissafi. A raba kuɗin da yawan gigabait, a sami farashin gigabait ɗaya, sannan a duba wa'adi. A ɗauka, don misali kawai, akwai tsarin mako na gigabait 3 a kan Naira 1,500, da na wata na gigabait 15 a kan Naira 5,500. Na mako ya kama Naira 500 kowane gigabait, kuma sau huɗu a wata ya zama Naira 6,000 a kan gigabait 12. Na wata ya kama kusan Naira 367. Mai cin gigabait 12 ya fi riba da na wata. Amma mai cin gigabait 5 kacal da ya sayi na wata, ya biya Naira 1,100 ne kan kowane gigabait da ya yi amfani da shi. Datar da wa'adi ya cinye ita ce mafi tsada.

Sai a kula da ƙananan rubutu. Wani tsarin da aka rubuta wa gigabait 10, wani kaso nasa na dare ne kawai, ko na YouTube kaɗai, ko sai a kan 4G. Wanda ke barci da ƙarfe goma ba shi da rabo a datar tsakar dare, don haka ya cire ta daga lissafi. Tsarin kafafen sada zumunta na da araha, amma ba ya buɗe manhajar banki ko imel. Tsarin da ake kira marar iyaka kusan kullum yana da ƙa'idar rage sauri bayan an kai wani adadi, kuma wannan adadin shi ne ainihin girman tsarin.

Akwai tambayoyi uku da ya kamata a yi kafin a danna saye. Shin ragowar data na bin mutum zuwa wata mai zuwa, kuma cikin kwana nawa dole a sabunta kafin ta ɓace? Shin tsarin na sabunta kansa da kansa daga kuɗin kati? Idan data ta ƙare, wayar za ta tsaya ne ko za ta koma cin kati? Wannan na ƙarshe shi ke cinye wa mutane kati ba su sani ba, domin farashin intanet daga kati ya ninka na tsari nesa ba kusa ba. A zaɓi saye sau ɗaya idan ba a son sabuntawar kai-tsaye.

Rancen kati ko data na fitar da mutum kunya a lokacin larura, amma ana cire ladan aiki tun kafin a ba shi. Wanda ya mayar da rance al'ada kullum yana sayen kati sama da farashinsa.

Kira da lambobin banki

Tsarin kira iri biyu ne a dunƙule. Akwai mai ba da garaɓasa mai yawa idan an sa kati, amma kuɗin kowace daƙiƙa ya fi tsada, kuma garaɓasar na da gajeren wa'adi. Akwai kuma mai rahusar daƙiƙa, wanda ba shi da garaɓasa, wani lokaci kuma ana cajin minti na farko na kowace rana da tsada kafin rahusar ta fara. Mai yawan kira, kamar dillalin hatsi ko mai sayar da atamfa da ke magana da abokan ciniki a ƙauyuka, na biyun ya fi masa. Mai kira jefi-jefi na iya cin moriyar na farkon. Sabon layi yakan zo a kan tsarin garaɓasa, don haka a duba tsarin da ake kai bayan watannin farko.

Mai ma'aikata da yawa, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ko sashe a ma'aikata, na iya tambayar tsarin rukuni da ake kira CUG, inda ake biyan kuɗi tsayayye a wata a riƙa kiran juna ba ƙarin caji.

Masu tura kuɗi ta lambobin banki da ake dannawa su lura cewa tun tsakiyar 2025 ana cire Naira 6.98 na kowane zama daga katin waya, maimakon daga asusun banki. Ma'ana layin da ba shi da kati ba zai iya tura kuɗi ta wannan hanya ba. Wanda ke tiransifa sau goma a rana, manhajar banki ta fi masa araha, amma ya bar ɗan kati a layin asali saboda ranar da intanet ta ƙi.

Ɗan kasuwa da ma'aikaci

Ɗan kasuwa ya fi buƙatar tabbas a kan sauri. Abin da ke gabansa shi ne alat ya shigo kafin mai saye ya bar shago, hotunan kaya su tafi, kira ya shiga. Layi biyu na kamfanoni daban, matsakaicin tsarin wata a kan wanda ya fi ƙarfi a kasuwa, da ƙaramin tsari a kan ɗayan, sun wadatar. Idan na'urar POS na da nata layin, ya fi kyau ta kasance a kan kamfanin da ba na babbar wayar ba.

Ma'aikaci kuwa albashinsa wata-wata ne, don haka tsarin wata da aka saya ranar da albashi ya shigo ya fi dacewa da shi a kan saye kullum. Idan akwai Wi-Fi a ofis, buƙatarsa ta ragu. Idan gidansa na da 'yan makaranta da wayoyi huɗu ko biyar, ƙaramar na'urar rauta ko MiFi da babban tsari guda sau da yawa ta fi sayen data daban-daban araha. Wanda ake yawan yi wa canjin wurin aiki ya sake gwajin sabis a duk inda aka kai shi.

Masu fita waje, ko fatake zuwa Maraɗi da Kwatano, ko mahajjata da masu Umara, su tambayi kuɗin yawo da layi kafin tafiya, su kashe datar layin Najeriya da zarar sun tsallaka iyaka. Sayen layin ƙasar da aka je domin data yakan fi araha, a bar na gida a kunne don karɓar saƙon banki. WhatsApp zai ci gaba da aiki da lambar gida ko da datar daga wani layin take.

Sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba

Tun watan Afrilun 2013 mai layi na da ikon komawa wani kamfani da lambarsa. Shi ya sa lambar da ta fara da 0803 ba lallai ta MTN ba ce a yau, haka 0802 ba lallai ta Airtel ba ce, ko 0805 ta Glo. Ana zuwa ofishin kamfanin da ake son komawa da katin shaida da NIN, a cike takarda, a tura kalmar PORT zuwa 3232, a karɓi sabon sim. Sauyawar kyauta ce. Sai dai ragowar kati da data ba sa bin mutum, dole a biya duk rancen da ake bin layin, kuma akwai wa'adin da za a jira kafin a sake sauyawa. Saboda haka kada a kai layin asali kamfanin da ba a gwada ba. A fara gwada shi a rami na biyu na tsawon wata guda.

Lambobin da suka zama ɗaya

Tun 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobi a dukkan kamfanoni:

- *310# duba ragowar kati
- *311# sa kati
- *312# sayen data
- *323# duba ragowar data
- *303# rance
- *305# dakatar da hidimomin da ke cire kuɗi, irin waƙar kira da saƙonnin labarai
- *996# al'amuran haɗa layi da NIN
- 300 kiran sashen kula da abokan hulɗa
- 2442 a tura STOP don tsayar da saƙonnin talla

Wanda ke da ƙorafi ya fara kai wa kamfaninsa, ya karɓi lambar ƙorafin ya adana. Idan ba a warware ba, ya kira 622, layin NCC na kyauta, ya ba da wannan lambar.

Watan farko na sabuwar waya watan gwaji ne. A saka layin asali a rami na ɗaya, a kulle shi da PIN. A sayi ƙananan tsare-tsaren mako a kan kamfanonin da ake tunani, a gwada su a gida da wurin aiki a lokacin cunkoso. A ƙarshen wata a duba ma'aunin data, a raba farashi da gigabait, sannan a sayi babban tsari. Bayan wata shida a sake lissafin, domin kamfanoni na sauya farashi, suna kafa sababbin turaku, kuma layin da ya fi ƙarfi a unguwa bana ba lallai shi ne na baɗi ba.